Yoyon mai a ƙarƙashin ƙasa: wane tsarin sa ido ya dace da gidan manka a Garwa, Marwa ko Kusiri?

Wani dattijo mai gidan mai a hanyar fita Garwa ya shimfiɗa mini takardu biyu a kan tebur. Ɗaya ta ɗan kwangilar da ya ce a sa wa famfunansa na'urar gano yoyo, aikin kwana biyu. Ɗayar ta wanda ya ce a fasa daɓen gaba ɗaya a sake bututu. Tsakanin kuɗin biyun akwai nisa kamar na Garwa da Duwala. Ya ce, "Ɗana, wata huɗu ke nan lissafi ba ya cika. Na sallami yara biyu, giɓin yana nan. Wanne zan ɗauka?" Na ce, "Baba, kafin mu zaɓa, famfonka tsotso yake yi ko turi?" Ya yi shiru. A wannan tambayar rabin amsar take, kuma mafi yawan masu gidajen mai ba a taɓa yi musu ita ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne yaran nan biyu. Idan mai ya ɓace, idon kowa kan mai zuba mai yake faɗawa, sai direban tanka. Ƙasa ba a zarginta, alhali ita ce ke shan man shiru. Ramin da ke tsiyayar da lita 0.76 a awa, wanda bai wuce ɗigon famfon wanka da ya lalace ba, yana cin lita 18 a yini in bututun na cike da matsi dare da rana. Lita kusan 550 ke nan a wata. A farashin fetur na sefa 840 da aka sa a Kamaru a Fabrairun 2024, sefa 460,000 ne duk wata. Wannan asarar aljihu ce kawai. Man da ya sauka ba ya tsayawa a filinka, yana bin ruwan ƙasa zuwa rijiyar maƙwabci, kuma fetur na ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa cutar daji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha. Dokar Kamaru mai lamba 98/015 ta 14 ga Yulin 1998 ta shafi wuraren sana'a masu haɗari irin namu, dokar muhalli ta 96/12 ta 1996 kuma ta ɗora kuɗin gyara a kan wanda ya gurɓata.

Tsotso ko turi

Hanya biyu mai ke bi daga tanki zuwa bakin tiyo. A tsarin tsotso, injin yana cikin famfon da ke tsaye a fili, yana jawo man sama kamar mai shan kunu da tsinke. A tsarin turi, injin yana nutse a cikin tanki, yana tura man da matsin da ya kai wajen bar 2 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) zuwa famfuna da yawa lokaci guda.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Bututun tsotso idan ya huje, iska yake jawowa ciki. In an shimfiɗa shi da gangare zuwa tanki, kuma bawul mai hana komawa guda ɗaya ne tak, daidai ƙarƙashin famfo, to da zarar an kashe inji man da ke ciki zai koma tanki, ba ƙasa ba. Famfon kansa zai kai ƙara: da asuba ya yi ta tari yana fesar iska kafin mai ya zo. Dokokin Amurka na 1988, duk da tsananinsu, ba su tilasta wa irin wannan layin wata na'ura ba. Amma in bawul ɗin yana can ƙasa a cikin tanki, kamar yadda aka yi a tsofaffin gidajen mai da dama, bututun yana kwana cike, kuma ramin zai shayar da ƙasa a hankali.

Bututun turi kuwa ba ya da wannan kunyar. Ya huje, fesawa zai yi, kuma mai zuba mai ba zai ga alamar komai ba. Dalilin da ya sa mutane ke komawa turi a yankinmu yana da ƙarfi: a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa ke haura digiri 40, fetur a dogon layin tsotso yakan zama tururi, famfo ya ƙi ja ana tsakiyar ciniki. Turi ya magance wannan, amma ya zo da nasa nauyin, kuma wanda ya sa injin nutso bai sa masa mai gadin layi ba, wato na'urar gano yoyo, ya yi ganganci.

Ma'aunan da zan bi

Biyar ne. Na farko, ƙanƙantar yoyon da tsarin ke iya kamawa da saurin da yake kama shi. Na biyu kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har da na haƙa, na rufe gidan mai kwanaki, da na riƙo duk shekara. Na uku juriya a ƙasarmu: zafi, ƙurar hunturu, ambaliyar kogunan Lagon da Binuwai, wutar da ke zuwa ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Na huɗu sauƙi: manajanka zai fahimce shi, kuma in ya lalace mai gyara daga ina zai taso? Na biyar haɗari, wato me ke faruwa ran da tsarin ya yi ƙarya ko ya mutu ba a sani ba. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, ni kuma shi na fi ba wa nauyi.

Sanda da littafi, da ma'aunin tanki na lantarki

Kowa da wannan ya fara. A zura sandar awo safe da yamma, a shafa mata man gano ruwa a gindi, a kwatanta da abin da mita ta nuna an sayar da abin da tanka ta sauke. Kuɗinsa kusan babu, ba ya jin zafi, ba ya neman wuta. Ban taɓa ce wa kowa ya daina ba.

Matsalarsa ita ce ido ne mai hazo. Fetur yana kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi, kimanin lita ɗaya da ɗoriya a kowace lita dubu a kowane digiri. Tankar da ta ɗauko lita 20,000 daga ma'ajiyar SCDP, kamfanin ajiyar mai na Kamaru, ta Garwa ko ta Ngaundere ta wuni a rana, ta sauke a tankin da ke cikin ƙasa mai sanyi, in man ya sauka da digiri 5 sama da lita 100 sun "ɓace" ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Ƙara da tankin da ya ɗan karkata, da jadawalin awo da bai dace da shi ba, da mitar da ta kauce. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta yarda da giɓin kashi 1 cikin 100 na cinikin wata da ƙarin wajen lita 490. Ga mai sayar da lita 100,000 a wata, kusan lita 1,500 ke nan. Yoyon lita 550 da muka lissafa a sama zai kwanta a ciki ya yi barci shekara guda.

Ma'aunin lantarki, irin na kamfanin Veeder-Root ko OPW ko Franklin Fueling, yana gyara yawancin wannan. Sanda ce mai tsayawa a cikin tanki tana auna tsawon mai, zafinsa da ruwan da ke ƙasa, tana aikawa ofis. Yana da tsada matsakaiciya zuwa babba, yana toshe ƙofar sata, kuma shi ne allon da sauran na'urori za su jingina da shi nan gaba. Sai dai a riƙe wannan: tanki yake kallo. Zai gaya maka mai ya ragu, ba zai nuna maka wane bututu ba ne, sai an haɗa shi da lissafin ciniki na kwanaki masu yawa ko da na'urar layi.

Mai gadin layi na ƙarfe

Wannan na tsarin turi ne kaɗai. Ɗan ƙaramin abu ne da ake ɗaurawa a kan injin nutso, ba waya, ba allo, sifirin da fistan ne kawai. Idan inji ya tashi bayan matsin layi ya faɗi, sai ya fara sakin mai kaɗan-kaɗan. In layin lafiya yake, matsi ya hau cikin daƙiƙa biyu ko uku, hanya ta buɗe. In akwai ramin da ke zubar da wajen lita 11 a awa a matsin bar 0.7, matsin ba zai hau ba, sai ya shaƙe layin, tiyo ya koma zuba lita 5 zuwa 11 a minti maimakon wajen 40.

A kuɗi, shi ne mafi arha a cikin na'urori, kuma girka shi ba ya buƙatar fasa daɓe. A juriya yana da kyau ƙwarai, don ɗaukewar wuta ko tsawa ba ruwansa. Makanike mai hankali zai iya canza shi cikin awa guda.

Rauninsa uku ne. Ƙaramin yoyo ba ya ganinsa sam, abin da ke ƙasa da lita 11 a awa zai wuce ta gabansa. Ba ya kashe inji, shaƙewa kawai yake yi, don haka man yana ci gaba da zuba in ba a tsayar da ciniki ba. Na uku shi ne halin mutane: ƙararsa ita ce jinkirin tiyo, yaran famfo kuwa jinkiri a wurinsu "famfo ya gaji" ne. Na taɓa tarar da wurin da aka kwance shi aka toshe gurbinsa don layin motoci ya daina tsawo. Yakan kuma yi ƙarya da sanyin asuba, lokacin da man da ya kwana a bututu ya tsuke, ko in iska ta maƙale a layi. Duk da haka, ga mai injin nutso wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zan amince da shi. Lita 11 a awa a yinin ciniki na awa 16 ta haura lita 170.

Mai gadin layi na lantarki

Gurbi ɗaya suke shiga da na ƙarfe, amma shi yana da ma'aunin matsi da ke magana da allon ofis. Duk lokacin da inji ya tsaya, yana kallon yadda matsi ke sauka. Yana kama lita 11 a awa nan take, in layi ya samu hutu yana gwajin lita 0.76, har da na lita 0.38 a awa. Mafi muhimmanci, yana yanke wa injin wuta da kansa, ya kuma ajiye tarihin da za a iya bugawa a takarda. Mai gidan da ke zaune a Injamena yana da tasha a Kusiri zai iya ganin sakamakon ba sai ya dogara da bakin manaja ba.

Kuɗinsa ya ninka na ƙarfe sau da dama, balle in babu allo tun farko. Ba a fasa daɓe sosai, amma ana jan waya daga bakin tanki zuwa ofis, kuma dole wayar da mahaɗanta su zama irin waɗanda ba sa haifar da tartsatsi a wurin tururin mai. A nan ne ƙasarmu ke gwada shi. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya wuta sai ta zama rabo-rabo, a koma janareta, a dawo. Kowane sauyi duka ne a kan allon. Wanda zai saya ya sa kuɗin mai daidaita wuta, batirin ajiya, kariyar tsawa da turken ƙasa mai kyau a cikin lissafi tun farko, ba daga baya ba. Sannan sai an shigar masa da tsawon bututu, faɗinsa da irinsa daidai. Roba tana miƙewa, ƙarfe ba ya yi, in aka ba shi bayanin ƙarya zai riƙa cewa lafiya alhali ba lafiya. Gyaransa kuma na ƙwararre ne, sau da yawa daga Duwala ko Yawunde, don haka a tambayi ɗan kwangila a rubuce: in ya tsaya, kwana nawa kafin ka iso?

Bututu mai riga biyu

A nan zan daɗe, don shi ne ya bambanta da sauran a asali. Duk waɗanda suka gabata suna ba da labari ne bayan mai ya taɓa ƙasa. Wannan yana tare man kafin ya fita. Bututu ne a cikin bututu, yawanci na roba mai ƙarfi da aka yi don mai bisa ƙa'idar Turai EN 14125, irin su KPS, UPP da Smartflex, ana haɗa gaɓoɓinsu da waldar lantarki mai narkar da roba. In na ciki ya huje, man ya faɗa ratar da ke tsakani.

Rashin tsatsa kaɗai ya isa dalili, amma akwai wani da ya shafe mu kai tsaye. Baƙar laka ta karal, wadda ake shuka masakuwa a kanta a filayen Marwa zuwa Kusiri, tana tsagewa da rani ta kumbura da damina. Ƙasa ce mai motsi. Bututun ƙarfe mai zare a gwiwa ba ya son motsi, kuma a aikin da na gani yoyo galibi a mahaɗa yake farawa, ba a tsakiyar bututu ba. Roba tana lanƙwasa ta bi ƙasar, in dai an kwantar da ita a kan yashi mai tsabta aka rufe ta da shi.

Hanyar sa ido a ratar iri biyu ce, kuma a ƙa'idar Turai EN 13160 matsayinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, a shimfiɗa bututun da gangaren kusan santimita 1 a kowace mita zuwa wani akwati marar yoyo a bakin tanki, da wani a ƙarƙashin kowane famfo, a sa sansa, wato 'yar na'urar jin ruwa ko mai, irin mai tasowa da ruwa, a mafi zurfin wurin. Mai ya taru, sansa ta ɗaga, ƙararrawa ta yi kuka. Tana da sauƙin fahimta, kuma ko babu sansa, ɗaga murfi a duba da ido duk mako yana aiki. Maƙiyinta ruwan sama ne. A Kusiri da Yagwa, inda ambaliyar 2022 da ta 2024 suka nuna wa kowa iyakarsa, akwatin da murfinsa ko mashigar bututunsa ba ta kama da kyau ba zai cika da ruwa a watan Agusta, ƙararrawa ta dami ofis, sai wani ya ɗaga sansar ya rataye ta sama. Daga ranar tsarin ya makance. Akwai sansa mai bambanta ruwa da mai, ta fi tsada, kuma a irin waɗannan wuraren ta cancanci kuɗinta. A kula, ruwan ƙasa in ya taso yana iya tura akwati har da tankin da babu mai sosai a ciki, don haka ɗaure tanki da kankare ba ado ba ne.

Ta biyu ita ce ke matsayi na ɗaya a ƙa'idar: a toshe ratar, a cika ta da busasshiyar iska ko naitirojin a matsin da ya fi na man, ko kuma a zuƙe iskar cikinta, a sa na'ura ta riƙa kallo. Ko rigar ciki ce ta huje ko ta waje, matsi zai canza, a ji ƙara tun mai bai fita ba. Ba ta damu da gangare ko ruwan akwati ba. Ita ce mafi tsaro, ita ce kuma mafi tsada da neman kulawa: matatar busar da iska tana son canji, tulun naitirojin yana ƙarewa, kuma ƙaramin sakaci a mahaɗa ɗaya zai sa ta yi ta kuka.

Babban kuɗin riga biyu haƙa ne da rufe ciniki. Ga sabon gini, ƙarin da ke tsakanin riga ɗaya da biyu kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin gidan man gaba ɗaya. Ga tsohon gida, aiki ne na fasa kankare da makonni ba ciniki. Tun ran gini tun ran zane.

Rijiyoyin dubawa da gwajin shekara

Rijiyar dubawa siririn bututu ne mai tsaga-tsaga da ake kafawa kusa da tanki da layi, a riƙa ɗebo ruwa duk wata a ga ko mai na yawo a sama, ko a auna tururi. Tana aiki ne inda ruwan ƙasa bai wuce zurfin mita 6 ba kuma ƙasar yashi ce ko tsakuwa, kamar wasu wurare a bakin Binuwai da Shari. A cikin laka, mai zai iya watanni bai iso ta ba. Gazuwal kuma ba ya tururi sosai, don haka auna tururi ba ya kama shi da kyau. In ba a rufe rijiyar da kwaɗo an yi mata alama ba, wata rana yaron tanka zai iya sauke mai a cikinta. Shaida ce mai amfani ga tsohon wuri, amma ba zan ba ta gadi ita kaɗai ba.

Gwajin matsi na lokaci-lokaci kuwa ba na'ura ba ce da ake girkawa, aiki ne da ake kira a yi. A toshe layi, a ɗaga matsin man zuwa ninki ɗaya da rabi na aikinsa, a auna abin da ya ragu. Gwaji mai kyau yana kama lita 0.38 a awa. A ƙa'idar Amurka, layin turi duk shekara ne in babu sa ido na wata-wata, na tsotso mai bawul a tanki duk shekara uku. Hoto ne na rana ɗaya. Ramin da ya buɗe washegari sai baɗi.

| Tsari | Abin da yake kamawa | Kuɗi | Juriya a nan | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Sanda da littafi | babban giɓi, bayan makonni | kusan babu | sosai | ƙaramin yoyo ya ɓuya |
| Ma'aunin tanki na lantarki | raguwar mai a tanki | matsakaici zuwa babba | sai da kariyar wuta | ba ya nuna layin |
| Mai gadi na ƙarfe | lita 11 a awa | kaɗan | sosai | ba ya kashe inji |
| Mai gadi na lantarki | har lita 0.38 a awa | babba | sai da kariyar wuta | saiti marar daidai |
| Riga biyu da sansa | duk abin da ya gangaro akwati | babba saboda haƙa | mai kyau in ruwa bai shiga ba | a rataye sansa |
| Riga biyu da matsi | huji kafin mai ya fita | mafi girma | mai kyau da kulawa | rashin mai gyara |
| Rijiyar dubawa | man da ya riga ya bazu | kaɗan zuwa matsakaici | ya dogara da ƙasa | jinkiri |
| Gwajin shekara | lita 0.38 a awa, ranar kawai | kuɗin aiki | ba ya shafa | tazara tsakanin gwaji |

Girkawa da gwaji

Duk wanda ka zaɓa, kada ka biya kason ƙarshe sai an gwada a gabanka. Sabon bututu ana gwada shi ne rami na buɗe: a cika na ciki da iska ko naitirojin a matsin da kamfanin da ya ƙera shi ya faɗa, sau da yawa wajen bar 3.5, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, a bar agogon matsi aƙalla awa guda. Rigar waje ana gwada ta daban da matsi kaɗan. A yi da sassafe ko a rufe bututun daga rana, don zafi yana ɗaga allura ya ɓoye huji. A sake gwadawa bayan an cike rami, sannan bayan an zuba kankare, saboda turken ƙarfe guda da magini ya buga ya isa. Bayan gwaji, in tsarin na sansa ne, a tabbatar an buɗe bakin ratar a cikin akwati. In aka bar shi a toshe, man zai tsaya a bututu, sansa ba za ta taɓa jiƙa ba.

Layin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a hura masa iska. Iska da tururin fetur a cikin matsi bam ne. Da mai ake gwada shi, ko da naitirojin bayan an kwashe.

Mai gadin layi, na ƙarfe ko na lantarki, gwajinsa ɗaya ne: a ƙirƙiri yoyo da gangan. A je famfon da ya fi nisa, a ɗaura na'urar gwaji a ƙarƙashinsa, a saki lita 11 a awa cikin gwangwani, a ga ko zai shaƙe ko ya kashe inji. Wutar allo mai launin kore ba shaida ba ce. Sansa a ciro ta a tsoma a ruwa ko mai, a ji ƙararrawa da kunne. Akwati a cika shi da ruwa ya haura mashigar bututu mafi tsawo da santimita 10, a yi alama, a dawo bayan awa guda, kada ya sauka fiye da milimita 3. Gyaran da Amurka ta yi wa dokarta a 2015 ya sa na'urori duk shekara, akwatuna duk shekara uku, leƙawa duk kwana 30. A nan ni zan ce a yi na akwati a watan Mayu, kafin damina ta kankama. A rubuta kwanan wata da adadi, mai gwaji ya sa hannu.

Wanne ga wa

Mai ƙaramin gida a Gidar ko Mora, famfo biyu na tsotso, layi gajere: kada ka sayi mai gadin layi, ba zai yi aiki a tsarinka ba. A duba inda bawul yake, in yana cikin tanki a mayar da shi ƙarƙashin famfo, in dai gangaren bututun ya yarda. Sanda da littafi kullum, gwajin matsi duk shekara uku, kuma tarin famfo da asuba a ɗauke shi da muhimmanci.

Mai injin nutso da tsohon bututu, jari kaɗan: mai gadi na ƙarfe a kan kowane inji a wannan makon, gwajin matsi duk shekara, a kuma koya wa yara cewa jinkirin tiyo dalilin tsayar da ciniki ne. In bututun ƙarfe ne da ya daɗe a laka, a fara tara kuɗin canji.

Mai babbar tasha a cikin gari, ciniki dare da rana, yana da sola ko janareta mai kyau: mai gadi na lantarki da ma'aunin tanki a allo ɗaya, da yarjejeniyar kulawa a rubuce.

Mai sabon gini, ko wanda zai fasa daɓe saboda wani dalili: riga biyu, ba shawara. In layin turi ne, a ƙara mai gadin layi a kai, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Kusa da kogi, ko inda unguwa ke sha daga rijiya da burtsatse, a kai ga matsi ko zuƙe iska in akwai mai kulawa a kusa, in babu, sansa mai bambanta ruwa da mai da akwati mai murfin kirki.

Dattijon nan na Garwa, da muka ɗaga murfi, tsotso ne, bawul a cikin tanki, bututun ƙarfe. Takarda ta farko ba ta shafe shi ba ko kaɗan. Na ce masa ya fara da gwajin matsi layi-layi, wanda ya faɗi shi za a fara haƙawa a sa masa riga biyu, sauran su biyo baya yadda aljihu ya ba da dama. Na kuma roƙe shi, in gwajin ya nuna ƙasa ce ke shan man, ya aika a kira yaran nan biyu.